Da Gangan Na Yi

Garnet Fedak ya iso Port Ansel ranar Litinin da hantsi, bayan kwana biyu a hanya daga Regina, jakar kayan wasa a bayan mota, sanduna shida ɗaure da tsohuwar igiyar takalmi. Ƙungiyar hokin ƙanƙara ta garin ita ce ta goma sha huɗu da zai sa wa riga cikin shekara goma sha shida, in an ba shi rigar ke nan. Ba a ba shi ba tukuna. Abin da ke aljihunsa takardar gwaji ce ta kwana goma, kuma kafin ya taka ƙanƙarar ma sai likitar ƙungiya ta sa hannu cewa lafiyarsa lau. In bai samu sa hannun nan ba, babu wata ƙungiya ta goma sha biyar. Ya san haka sarai, don tun watan Yuni yake buga waya gari-gari, nan kaɗai aka ɗauka.

Shekararsa talatin da shida. A wannan sana'a mai talatin da shida tsoho ne tukuf, yara masu tasowa har kujerar baya suke bar masa a bas. Bai taɓa zama gwanin gudu ba, bai kuma iya zura faifai, wato ƙwallon wannan wasa, a raga ba, duk cin da ya yi a rayuwarsa bai kai talatin ba. Abin da ya iya guda ne. In wani ƙato ya taɓa ɗan gwanin ƙungiyarsu, sai Garnet ya zare safar hannu ya yar a ƙanƙara, su dambace har alƙalan wasa su gaji da kallo su raba. Minti biyar a kejin horo, a ɗinke gira, a dawo. Da wannan ya ci abinci a Wichita da Toledo da Sheffield, da wani gari a Jamus da har ya baro shi bai iya faɗin sunansa daidai ba. Ya taɓa leƙa babbar gasa ma, wasa uku, yana ɗan shekara ashirin da uku. Mutanen ƙauyensu har yau da wasa ukun nan suke gabatar da shi ga baƙi, sai ka ce tun daga nan bai ƙara yin komai a duniya ba.

A ɗakin sauya kaya ya tarar da wurin zamansa can ƙurya, kusa da ƙofar bayi. 'Yan gida sunayensu a sassaƙe suke a kan ɗan allo, nasa kuwa da alƙalami aka rubuta a kan farin salatif, yadda in an sallame shi ɓamɓarewa kawai za a yi. Bai ji haushi ba, ya saba. Ya zauna ya shaƙi warin ɗakin, zufa da jiƙaƙƙen takalmi da man zafi, sai ya ji hankalinsa ya kwanta irin kwanciyar da bai yi ba tun watan Afrilu.

"Kai, wa ya bar ƙofa a buɗe tsoffi suna shigo mana?"

Merv Sundby ne, kocin ƙungiyar, tsaye a bakin ƙofa da tumbinsa da kofin kofi. Ya girmi Garnet da shekara takwas. Tare suka yi wasa a Wichita lokacin Garnet yana ɗanye shataf, ɗaki ɗaya ake ba su in an yi tafiya.

"Na hango ka ciki ne na ce ashe gidan gajiyayyu aka buɗe," in ji Garnet. "Wannan cikin wata nawa ne?"

"Ɗan iska. Har yanzu bakin nan bai mutu ba." Suka rungume juna, Merv yana bubbuga masa baya. Sannan ya ja shi gefe ya rage murya. "Fedi, ba zan ɓoye maka ba. Ina da yara ashirin masu gudu kamar an koro su, amma babu ɗaya da zai iya kallon namiji ido cikin ido. Bara kowa ya zo sai ya taka mu ya wuce. Gurbi ɗaya na ware maka. Ka wuce likita, ka tsaya da ƙafarka kwana goma, rigar taka ce."

"Likitan naku tsohon nan ne mai sa hannu yana cin burodi?"

"Ya ajiye aiki. Wata yarinya ce yanzu, Halonen. Karatu ya yi mata yawa, ita ce kawai matsalarta. Gobe takwas na safe gwajin kai. Ka dai san yadda ake yi." Ya kashe masa ido.

Ya sani mana, ai Merv ɗin ne ya koya masa. Gwajin kai ba wani abu ba ne. Kowace kaka, kafin a fara wasanni, sai a zaunar da ɗan wasa gaban kwamfuta. Ta nuna maka kalmomi goma sha biyu, can anjima ta tambaye ka waɗanne ka gani. Ta nuna zane-zane, ta sa ka ƙirga da baya, ta auna saurin hannunka, a ajiye makin. Ranar da aka maka ka da katanga cikin wasa har ka ga taurari, sai a sake zaunar da kai. In ka kamo makinka na kaka, kanka lafiya, koma fili. In ba ka kamo ba, ka je ka kwanta a ɗaki mai duhu har sai ka kamo, kafin nan wani ya sa rigarka. Wanda ya ƙirƙiro gwajin nan mutumin kirki ne, ba na musu, amma bai san ɗan hoki ba. Ai tun shekarar farko mu 'yan wasa muka gano kansa. Sai ka faɗi gwajin kaka da gangan. Ka mayar da kanka dolo tun kana da lafiyarka, ka yi nawa wajen danna maɓalli, cikin kalma goma sha biyu ka yarda ka tuna bakwai. Ranar da kan ya bugu da gaske, ko likitan biyu-biyu kake ganinsa, za ka kamo makin dolon nan a sake ka. Wayo muke kiransa. Ni ma mai ba ku labarin nan, lokacin da nake wasa, na kira shi wayo shekaru masu yawa, kuma ban ga wanda ya kai Garnet iya shi ba, don abin yana da gwaninta: ka faɗi, amma kada ka faɗi da yawa har kwamfuta ta gane wasa kake.

Ranar Talata ya zauna ya yi abin da ya saba. Bana ma sai ya ji abin ya zo masa da sauƙi, ba sai ya tsaya yana zaɓen inda zai kuskure ba. Ya fito yana fito da baki, ya je ya wasa ƙarfen da ke ƙasan takalmansa na sulɓi a kan ƙanƙara. Da azahar aka ce likita tana nemansa.

Dakta Halonen doguwa ce siririya mai tabarau, ba za ta wuce sa'ar ƙanwarsa ba. Ofishinta a ƙarƙashin kujerun 'yan kallo yake, babu taga, kana jin duk faifan da ya bugi katanga. Ta nuna masa kujera ba ta ɗago ba.

"Kwamfuta ta ƙi karɓar gwajinka, Mista Fedak. Ta ce ɗayan biyu ne, ko dai ba da gaske ka yi ba, ko kuma kai mutum ne da bai kamata a bar shi ya tsallaka titi shi kaɗai ba."

"Ai ni dama ban yi nisa a makaranta ba, Dakta."

"Ba ni za ka yi wa wannan ba." Ta cire tabarau ta dube shi. "A gidan 'yan hoki na tashi, yayyena uku maza, duk a filin nan suka zubar da haƙoransu. Na san abin da kuke yi. Ga makinka na shekara tara da ƙungiyoyinka suka aiko, kowace shekara kana faɗuwa daidai gwargwado kamar mai awo. Bana ne hannunka ya zarce."

Garnet ya yi murmushi ya shafa ƙeya. Har ga Allah sai ya ji kamar yabonsa ta yi.

"Ba abin dariya ba ne. Jibi Alhamis da safe za ka sake. Ka yi barci sosai, ban da giya, ka yi da gaskiyarka sau ɗaya a rayuwarka. In ta sake ƙi, ba zan sa hannu ba, ko Koci ya zo ya yi birgima a nan. Kafin nan ba ka taka ƙanƙara."

Haka ya wuni Laraba a kujerun 'yan kallo da rigar sanyi, yana kallon yaran Merv suna kai da kawo. Babu abin da ya fi wannan ci wa ɗan wasa rai, ka zauna a sama da kofi a hannu kana kallon wasu suna zufa. Da la'asar ya gangara bakin tafki, wajen manyan rumbunan alkama inda jiragen ruwa ke lodi, ya kira matarsa Shauna. Ita tun daga Jamus ta daina binsa. Ta ce ta gaji da ɗaure kaya da kwance kaya, ta zauna a Regina da 'yarsu Tessa mai shekara tara.

"Sun ɗauke ka?" ta tambaya.

"Saura ƙiris. Likitar ce ke ɗan jan rai."

"Me ta gani?"

"Ba abin da ta gani. Wasan nan da na saba ne ta harbo. Gobe zan sake, shi ke nan."

Ya ji ƙarar kwanuka a bayan Shauna. Can ta ce, "Garnet, ranar Juma'a ka fita ɗauko Tessa daga wajen iyo, ka dawo gida da madara, babu Tessa. Awa guda yarinyar nan tana zaune a bakin ƙofa da jiƙaƙƙen kai."

"Hankalina ne yana kan tafiyar nan. Ai na ba ta haƙuri."

"A watan Yuli fa? Da ka tsaya tsakiyar kicin da wuƙa a hannu kana tambayata me muke dafawa, alhali kai ka ɗora tukunyar?"

"Shauna, don Allah."

"Ni ba faɗa nake ba. Yayanka ya sake kira jiya. Girbi ya kankama, yana neman mai tuƙa masa motar alkama. Ka dawo gida. Na rantse ba wanda zai yi maka dariya, ka yi iyakar yinka."

"Shekara ɗaya kawai."

"Haka ka ce a Sheffield," ta ce, ba da fushi ba, da gajiya. "Ga Tessa nan tana kirana. Ka ci abinci."

Ya daɗe tsaye da waya a hannu. Abin da bai iya gaya mata ba shi ne tsoron gida yake ji. Yana son su, ita da yarinyar, so mai tsanani, amma a gida bai san inda zai sa kansa ba. Yakan wuni yana yawo ɗaki-ɗaki, ƙarar firji tana damunsa, hasken taga yana damunsa, ya yi wa Tessa tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, sannan ya shiga mota ya zauna yana jin kunyar kansa. A ɗakin sauya kaya kuwa komai a rubuce yake a bango: ƙarfe nawa bas, ƙarfe nawa abinci, wa za ka tsare, wa za ka daka. Tun yana ɗan shekara goma sha shida ya bar gidan ubansa ya shiga wannan rayuwa, bai san wata ba.

Maganar gwajin kuwa ko a jikinsa. Har wani ɗan ɗoki ya ji. Shekara goma sha huɗu yana ɓoye kansa kamar mai ɓoye kuɗi a ƙarƙashin katifa, gobe zai fito da shi a gani. Shi ne fa wanda a bas ɗin Toledo ba mai yarda ya yi karta da shi, don yana riƙe duk katin da ya faɗi tun daga farkon wasa. Shi ne mai lambobin wayar mutum ashirin a ka. Zai cinye gwajin yarinyar nan tas, ta sa hannu, sannan ya kira Shauna ya karanta mata makin don ta daina ƙirga masa madara da tukunya. Ya ci kifi da dankali, ya sha ruwa zalla, ya kwanta tun rana ba ta gama faɗuwa ba.

Alhamis ƙarfe takwas ya zauna gaban kwamfutar, shi kaɗai a ɗan ɗakin. Ya murza hannuwa, ya gyara zama.

Kalmomin suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Doki. Gishiri. Taga. Kogi. Ya riƙa maimaita su a zuci, yana jera su. Wajen ta shida sai ya ga ta farko ta suɓuce, ya juya ya kamo ta, kafin ya dawo biyu sun wuce bai karanta ba. Ba komai, ya ce, za a sake nunawa. Aka sake nunawa. Sannan tambaya ta zo: ka ga kalmar gada? Ya tsaya. Gada. Ya ga kogi dai, ko kuwa kogin ne ya sa yake ganin kamar ya ga gada? Ya danna e. Ka ga madubi? Bai sani ba. Ba wai yana shakka ba ne, wurin da kalmomin suka zauna ne ya leƙa ya tarar wayam.

Ya ce wa kansa sabo ne, hannunsa ya saba da faɗuwa, bari ya nutsu. Zane-zanen suka zo, layuka masu lanƙwasa, duk suka zame masa iri ɗaya. Aka zo wajen haruffa uku: ka riƙe su, ka danna lambobi daga ashirin da biyar zuwa ɗaya, sannan ka faɗi haruffan. Ya riƙe su gam, yana motsa leɓe. Ashirin da biyar, ashirin da huɗu. Lambobin a warwatse suke a fuskar kwamfutar, sai ka nemo kowace. Ya kai goma sha takwas ya tsaya cak, yana neman abin da ke biye. Goma sha takwas, sai me? Ya ƙirga daga ɗaya ya hauro don ya gano, lokaci ya ƙare. Kwamfuta ta ce rubuta haruffan. Leɓensa yana ta motsi har yanzu, amma babu komai a kansa.

Zufa ta jiƙa masa riga a ɗakin da ake jin sanyin ƙanƙara ta bango. Hasken kwamfutar ya fara sukarsa a bayan idon hagu. Ya yi dambe da mutum fiye da ɗari biyu, wasu sun fi shi tsawo da kai guda, bai taɓa jin tsoro irin na wannan safiya ba. Ya ƙarasa sauran da iyakar ƙarfinsa, yana cije haƙora, yana danna maɓalli kamar zai fasa shi, kuma yana ji a jikinsa cewa kowane dannawa a makare take zuwa. Da aka dawo kan kalmomin farko a ƙarshe, doki kaɗai ya sani tabbas.

Da ya gama bai tashi ba. Ya tuna Talata, yadda faɗuwar ta zo masa da sauƙi har ya fito yana fito. Bara fa? Bara waccan fa? Shekara nawa ya yi yana faɗuwa da gaske yana yaba wa kansa wayo? Babu yadda za a yi a sani. A duk takardun nan da ƙungiyoyi goma sha uku suka tara babu makin gaskiya ko ɗaya. Ba wanda zai iya cewa ga yadda kan Garnet Fedak yake a da, ga abin da ya ragu, ga ranar da ya fara raguwa, ko shi kansa. Da hannunsa ya share sawun, shekara bayan shekara, yana dariya.

Ƙarfe goma aka kira shi ofis. Ya tarar Merv ya riga shi, yana zaune a gefen tebur da usur a wuya. Dakta Halonen fuskarta a murtuke.

"Ya fi na Talata muni," ta ce, ta tura takardar gabansu. "Nesa ba kusa ba."

Merv ya duba, ya dubi Garnet, sai ya fashe da dariya har da tari. "Shege Fedi! Kai, Allah ya shirye ka! An ce ka yi da gaske shi ne ka ƙara mata gishiri?" Ya share hawaye ya juya ga likitar. "Dakta, ki yi haƙuri, laifina ne, ni na lalata shi. Ni na koya masa da bakina a Wichita. Wannan da kike gani taurin kai ne da shi kamar jaki, in kika ce ya yi gabas sai ya yi yamma don kawai ya nuna miki. Amma kansa garau yake. Mutumin nan ya cinye ni a karta har agogona sai da ya karɓe. Ki tambayi kowa."

"Yaushe ke nan?"

"Me?"

"Kartar. Yaushe ya cinye ka?"

Merv ya ɗaga kafaɗa. "An ɗan kwana biyu. Amma Dakta, Asabar muna da wasan share fage, ina bukatarsa."

"Koci, ba mu wuri."

Merv ya fita yana girgiza kai yana sauran dariyarsa. Ta tashi ta rufe ƙofar da kanta, ta dawo ta zauna, ta ajiye tabarau a kan takardar. Da ta yi magana muryarta ta sauka, babu faɗa a ciki.

"Garnet, saurare ni. Na duba idanunka, na duba tsayuwarka, hoton kanka na bara bai nuna komai ba, irin wannan abin dama ba ya fitowa a hoto. Ba ni da abin da zan riƙe sai wannan takarda da bakinka. In ka ce da gangan ka yi, zan rubuta cewa ka ƙi ba da haɗin kai, in sa maka makin da ake sa wa kowa, in sa hannu. Na san na ce ba zan sa ba, amma doka ta ba ni dama, kuma Koci ya shaida halinka. In kuwa ba da gangan ba ne, yau zan haɗa ka da ƙwararru a Toronto, kuma ba za ka sa takalmin ƙanƙara bana ba. Ina jin ba za ka ƙara sawa ba har abada. Ba zan yi maka ƙarya a kan wannan ba. Yayana na biyu shekararsa arba'in da ɗaya, matarsa ce ke rubuta masa sunayen 'ya'yansa a jikin firji. Ba don in ba ka tsoro na faɗa ba. Tambaya ɗaya ce, kuma ba mai ji sai ni. Da gangan ka yi?"

Garnet ya dubi hannuwansa a kan gwiwa, gaɓoɓin duk sun kumbura sun karkace. Maganar tana nan a maƙogwaronsa, gajeriya ce, a'a kawai. Yana faɗinta matar nan za ta ɗauki waya, wani ya karɓi kayan nan daga kansa, ya kama hanyar Regina gobe da safe. Ya ga Shauna tana buɗe ƙofa. Ya ga kansa a motar alkama, daga gona zuwa rumbu, daga rumbu zuwa gona, sannan hunturu ya shigo, wata shida a cikin gida da ƙarar firji, kowa yana lallaɓa shi yana magana a hankali. Ta saman kansa ya ji an fara fitowa fili. Ƙarfen takalma yana yankar sabuwar ƙanƙara, faifai ya bugi katanga, wani ya ƙwala wa wani ashar aka yi dariya.

Ya ɗago ya yi mata murmushin nan nasa mai giɓi.

"Kin kama ni, Dakta. Da gangan na yi."

Ta daɗe tana kallonsa. Bai kawar da ido ba, ai kallon ido cikin ido sana'arsa ce. Daga ƙarshe ta mayar da tabarau, ta jawo takardar ta sa hannu, ta miƙa masa ba tare da ta sake ta nan da nan ba.

"Allah ya sa gaskiya ka faɗa," ta ce. "Ƙofata a buɗe take."

Kafin ya gama ɗaure takalma labari ya zaga ƙungiya. Merv ya ba da shi sau biyu, yana ƙara masa kitse: tsohon dila ya yi wa likita wasa da hankali ranar Talata, ta ce ya sake, ya sake mata wanda ya fi, kuma ga shi da sa hannu. Da Garnet ya fito fili yaran suka shiga buga sanduna a ƙanƙara suna masa kirari. Sanyin ya daki fuskarsa, ƙafafunsa suka tuna aikinsu ba sai an gaya musu ba. Ya zaga fili sau biyu, ya ji daɗi har cikin ransa, daɗin da ya san bai kamata ya ji ba.

Merv ya zo kusa da shi. "Masu zuwa Asabar suna da wani ƙato ɗan shekara ashirin da ɗaya, sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Tun jiya ya aiko, wai yana roƙon ka ba shi dambe ya yi suna da kai. Na ce masa ya zo da mai ɗinki."

"Ya zo," in ji Garnet.

Merv ya tara su a jikin katanga, ya ɗauko ɗan allonsa ya zana atisayen farko. Abu ne da ake koya wa 'yan shekara goma: ka fito daga ƙurya da faifai, ka miƙa wa na tsakiya, ka zaga ta bayansa, ka karɓa, ka buga raga. Ya nuna da alƙalami, ya sake nunawa.

"Fedi, kai ne babba, nuna musu."

Garnet ya tsaya a gaban layi yana maimaitawa a zuci. Miƙa, zaga, karɓa. Usur ya tashi, ya fito da ƙarfinsa, ya miƙa faifan daidai kan sandar na tsakiya. Ya kai jan layin da ya raba fili biyu sai ya rasa ta ina aka ce ya zaga, kuma in ya zaga me zai yi. Ya ja birki, ƙanƙara ta yi feshi, ya tsaya a tsakiyar fili da sanda a hannu yana duban dama da hagu.

Fili ya kaure da dariya. Wani yaro har da faɗuwa a gwiwa, sanduna suna ta bugun ƙanƙara.

"Ya isa haka, ɗan iska!" Merv ya ƙwala daga gefe, yana riƙe da ciki. "Likitar ba ta nan, daina wasan!"

Garnet ya ɗaga sanda sama ya rusuna musu, shi ma yana dariya. Sannan ya koma ƙarshen layi, ya zuba wa na gabansa ido don ya ga ta inda zai zaga.